Ramin da Ba Mu Haƙa Ba

Akwai ranar da ba ta taɓa barin raina ba tun da na shiga aikin nan: ranar da mai gida ya ba ni umarnin haƙa rami a wurin da na san ɗan Adam na kwance, ga shi kuma an ɗaure mini baki kada in faɗa masa. A Bakura aka yi, shekarar da azumi ya faɗo cikin bazara. Ina ba da labarin ne saboda ku da kuka zo bayanmu, musamman masu ganin idan mutum ya iya riƙe igiya da ma'auni ya gama sanin sana'a.

Ni fomen ne a wani ɗan kamfanin gine-gine da ke Talata Mafara. Ga wanda bai san tsarinmu ba, Injiniya ne a sama, shi ke karɓo aiki ya zana shi a takarda. Fomen ke bi masa, shi ke tsayawa a wurin aiki har zanen ya zama abin da ido ke gani. Ƙarƙashin fomen akwai birkiloli masu ɗora bulo da jera tubali, sannan leburori masu haƙa da kwaɓa da ɗauko. Idan aiki ya yi kyau sunan Injiniya ake kira, idan ya lalace fomen ake nema, kuma ban ce an zalunce mu ba, haka muka tarar.

Daga ƙarshen sanyi zuwa shigowar zafi, yawancin aikinmu gyaran tsakar gida ne. Kowa ya sani, da bazara ta kama, ɗaki sai dai ajiyar kaya. A waje ake girki, a waje ake hira, a waje ake kwana. To duk mai hali so yake kafin zafi ya iso a daidaita masa fili, a kafa rumfa, a toshe ramukan da kunama ke fitowa, a gyara hanyar ruwa tun da damina na biye. Kuma kowa so yake a fara da nasa. Ni da ma Allah ya yi ni mutum mara zama, ko ranar da ba aiki sai na sami abin da zan tayar in sake ajiyewa. A irin wannan lokaci kuwa a tsaye nake cin abinci, yarana na aiki har tsokanata suke wai kujera ta yi mini laifi.

Farkon watan Maris Injiniya ya kira ni ofis ya miƙo mini aikin Alhaji Kabiru. Alhaji ma'aikacin gwamnati ne a Gusau, amma mahaifiyarsa tana gidansu na gado a Bakura, ta ƙi tashi duk da lallashin da ya yi tun rasuwar mahaifinsa. Bazarar da ta gabata kunama ta harbe ta tana kwance a tsakar gida, ƙafa ta kumbura, ba ta bari an gaya masa ba sai da maƙwabta suka gaji suka buga masa waya. Abin ya tsaya masa a rai. Saboda haka umarninsa ba shi da kwana: a shimfiɗe tsakar gidan da intaloki, wato tubalin simintin nan da ake jerawa suna cizon juna, daga bakin zaure har bangon baya, kada a bar ƙasa ko faɗin tafin hannu. A kafa rumfa gaban ɗakinta, a ja mata famfo kusa. Kuma a gama kafin a ga wata, domin zai kwaso iyalinsa su fara azumi tare da ita.

Muka ɗora kaya a motar kamfani muka tafi, ni da birkiloli da leburori, cikinsu har da Iro, wani ƙato mutumin Faru wanda in ya riƙe diga sai ka tausaya wa ƙasa. A zaure muka tarar da Baffa Ummaru, ƙanen mahaifin Alhaji. Shi ne namijin da ya rage a gidan, ta hannunsa ake shiga. Gaisuwa kaɗai ta ci mana lokacin da ya isa a sauke rabin kaya. Ya tambayi Mafara, ya tambayi hanya, ya tambayi iyali, ya dawo ya sake tambayar Mafara, ni kuwa ina amsawa ina satar kallon rana. Da ya yi mana iso muka shiga muka durƙusa gaban Inna. 'Yar tsohuwa ce ƙarama, mara yawan magana, idonta garau. Abin da na fara lura da shi, ba ta kiran sunan ɗanta, sai dai ta ce mutumin Gusau. Ban yi mamaki ba, kunyar ɗan fari ce, tamu uwar ma haka take yi wa babban wanmu.

Duk wanda zai rufe ƙasa da siminti, abu na farko da zai tambaya shi ne ina ruwan sama zai bi. Ƙasa tana shan ruwa, tubali ba ya sha sosai, in ba ka ba ruwa hanya ba shi zai zaɓi tasa, kuma yawanci ɗakin mai gida yake zaɓa. Don haka muke farawa da awon ruwa. Siririn tiyo ne da ake ganin cikinsa, a cika shi da ruwa, mutum biyu su riƙe bakunansa a jikin bango daban-daban. Inda ruwan ya tsaya a wannan baki, nan zai tsaya a wancan, sai a yi alama da gawayi. In an zagaye gida da alamar, sai a auna daga ita zuwa ƙasa, nan take za ka san ina ne tudu, ina ne kwari. Awon ya nuna mana duk gidan gangarowa yake zuwa kusurwar gabas, gefen ɗakin Inna. Da can akwai wuriya a bangon nan, kafar da ruwa ke fita waje, amma maƙwabci ya yi ɗaki ya toshe ta. Abin da ya rage shi ne a haƙa sokawe a kusurwar, rami mai zurfi da ake cikawa da duwatsu ruwa ya riƙa nutsewa ciki. Haka ma Injiniya ya zana tun kafin mu zo.

A kusurwar akwai bishiyar lalle guda, tsohuwa, an kewaye gindinta da 'yan duwatsu, wurin a share tsaf, ƙasar da damshi. Na ɗebi toka na zana da'irar ramin, lallen ya faɗo tsakiya. Ban ji tahowar Inna ba, sai na ji murya a bayana.

"Ɗana, ban da nan."

Na juya na durƙusa na yi mata bayani yadda na yi muku yanzu, har da nuna mata gawayin bango. Ta saurara har na gama, sannan ta tambaye ni ko an kawo mana ruwan sha. Na ce to in don lallen ne, sai mu tono shi da ƙasarsa mu mayar kusa da famfo, can ma zai fi samun ruwa. Ta ce Allah ya yi mana albarka, ta koma ɗaki. Na ɗauka an gama. Washegari da muka iso, an share tokar da na zana, an shimfiɗa tabarma a wurin, Inna na zaune a kai tana tsintar wake.

Na ce a raina rigimar tsufa ce, za ta wuce. Na sa aka fara daga bakin zaure, mu bar kusurwar zuwa ƙarshe. Amma abin bai bar ni ba. Ina duba layi ina waiwayen ta, ina waiwayen ta ina duba agogo. Ƙa'idar aiki ita ce a haƙa rami tun farko, kafin a baza yashi, domin ƙasar da aka fitar a fice da ita ba tare da baro ya bi ta kan sabon aiki ba. Kowane layin tubali da muka ƙara, wahala muke ƙara wa kanmu. Ga hanya kuma, ba wanda ke son magariba ta same shi tsakanin Bakura da Mafara a shekarun nan na rashin tsaro, da la'asar ta yi dole mu tattara. Da azahar na kasa haƙuri, na fita zaure na roƙi Baffa Ummaru ya shiga ya yi mata magana, tun da shi tana jin nauyinsa.

Bai tashi ba. Ya leƙa ƙofa ya tabbatar ba kowa kusa, sannan ya matsa mini gefen buzunsa.

"Zamna, Fomen. Wurin ga da kaka son tonewa, ɗiya na ciki. Ɗiyar Inna ta fari. Ni niy yi ramin da hannuna."

Na zauna kusa da shi. Ya ba ni labarin a taƙaice, murya ƙasa-ƙasa. Kafin Alhaji, Inna ta haifi 'ya mace cikin wata damina mai ruwa, jaririyar ta koma tun ba ta kai ranar suna ba. Ruwa ya cika fadama ya yanke hanyar maƙabarta, mijin Inna kuma yana kwance da zazzaɓi, sai aka sa Baffa, yana saurayi lokacin, ya yi rami a gefen ɗaki, kamar yadda mutanen da kan yi wa jinjiri. Inna ce ta dasa lallen daga baya. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara ɗaga maganar a gidan, har mijin ya bar duniya. Alhaji ya tashi kowa na ce masa ɗan fari, shi ma haka ya sani.

Na ce to ai sauƙi ya zo, sai a kira Alhaji a gaya masa. Baffa ya girgiza kai kamar na yi saɓo. Ya ce maganar haihuwar fari ce, Inna ba za ta iya buɗe baki ta faɗa wa ɗanta ba ko za a yanka ta, shi kuma ba huruminsa ba ne ya tona abin da matar wansa ta rufe tun suna ƙuruciya. Ya gaya mini ne kawai don kada mu sa diga cikin rashin sani. Ya sa na yi alkawari: kada Inna ta ga alamar na sani, kada kuma Alhaji ya ji daga bakina. In ta so ta faɗa, nata ne. Na yi alkawarin na tashi, tun ban kai tsakar gida ba na gane irin kayan da na ɗauka.

Da muka koma Mafara ban wuce gida ba, ofis na nufa. Na ce wa Injiniya ramin nan ba zai yiwu a kusurwar ba, kuma dalilin amana ce aka ba ni. Mun yi shekaru tare, ya san ni da gaggawa da faɗa, amma bai san ni da ƙin aiki ba. Bai matsa ba, ya jawo takarda. Muka gwada ɗaga kusurwar da cikon ƙasa a juya gangaren zuwa ƙofa, sai muka ga tsakar gida za ta fi dokin ƙofar Inna tudu, ruwan farko a ɗakinta zai kwana. Muka gwada matsar da ramin tsakiya, ya faɗo kusa da rijiyar gidan, abin da ba mai hankalin da zai yi. Hanya ɗaya ta rage: a tare ruwan a 'yar magudana kafin ya kai lallen, a binne bututu ya bi gindin bango, ya ratsa ƙarƙashin zaure ya faɗa kwatar titi, wadda ta fi gidan zurfi. Zai yi aiki, in ji Injiniya, amma sai an fasa daɓen zaure, wannan kuwa sai da yardar mai gida.

Ni aka bar wa kiran. Na buga wa Alhaji na jera masa dalilai irin na aiki, na ce ƙasar kusurwar ba ta da ƙarfi, na ce rami kusa da bango yana iya jawo tsagewa. Ba ƙarya zalla ba ce, amma ni na san ba shi ne ainihin dalilin ba. Ya ce zaure ba za a taɓa shi ba. Daɓen nan mahaifinsa ne ya yi shi da hannunsa, da makuba da tsakuwa, shi kaɗai ya rage na aikin tsohon bayan duk gyare-gyaren da aka yi wa gidan. Kusurwar kuwa, ya ce, ba wanda zai ba shi labarinta. Tun yana yaro, duk bazara a nan Inna ke shimfiɗa masa tabarma, dab da lallen, ƙannensa na can tsakiya suna shan iska shi yana fama da sauro. Ya yi kuka, ya yi fushi, ba ta taɓa sauya masa wuri ba. Kuma ya tabbata daga cikin duwatsun nan kunamar da ta harbe ta ta fito. A tumɓuke lallen, a kwashe duwatsun, a yi rami.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. Na sa aka kafa rumfa tun lokacinta bai yi ba. Na sa aka ja famfo. Na sa aka tayar da layin da ba abin da ya same shi aka sake jerawa, har babban birkilana ya tambaye ni ko lafiya. Na yi wa Iro faɗa kan baron da ya ajiye daidai inda na ce ya ajiye. A gida matata ta ce in aikin Bakura ne zai kashe ni in faɗa mata tun da wuri ta san abin yi. Da wayata ta yi ƙara, in Alhaji ne in ce ana kai, in Injiniya ne in ce ana lallaɓawa, shi kuma ya tuna mini wasu gidajen na jiran mu a Mafara. Na koma wa Baffa ba sau ɗaya ba, kullum amsarsa in yi haƙuri, Allah zai kawo mafita.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Inna. Kullum tubali na matsowa, kullum tana zaune kan tabarmarta, filin ƙasar da ke gabanta na raguwa. Da safe takan ɗauki buta ta yayyafa wa gindin lallen ruwa, ta gyara dutsen da kaza ta ture, ta zauna. In na wuce sai ta ce sannu da rana, in amsa kaina a ƙasa, ina tsoron kada ta gane a fuskata. Sau da yawa na shirya maganar da zan faɗa mata a kaikaice, in na iso gabanta sai in tambaye ta ko ƙurar siminti na damunta. Rana ɗaya ce ta ɗan buɗe ƙofa. Ina tsugune ina ɗaure igiya kusa da ita, ta ce, kamar da kanta take magana, lallen nan ya girmi mutumin Gusau. Na ɗauki maganar da zafinta na kai wa Alhaji ta waya, ko zai tsinci wani abu a ciki. Ya yi dariya ya ce darbejiyar ƙofar gida ma ta girme shi. Ina jin tausayin tsohuwar, ina kuma jin haushinta, ban ɓoye muku ba. Kalma ɗaya daga bakinta ta ishe mu duka, amma na san kalmar ta fi ƙarfinta.

Ana saura 'yan kwanaki a fara duban wata, wata Asabar da hantsi, sai ga motar Alhaji a ƙofar gida ba sanarwa. Ranar kuma Baffa Ummaru ya tafi ta'aziyya Maradun tun da sassafe. Da Inna ta ji motar sai ta naɗe tabarma ta koma bakin ƙofar ɗakinta, don ba ta zama a fili gabansa. Ya shigo ya durƙusa ya gaishe ta, ta kawar da kai tana amsawa kamar yadda ta saba. Ya tashi ya duba rumfa, ya buɗe famfo, ya taka tubali ya ji ko yana motsi, har ya fara yaba mana. Da ya iso kusurwar ya ga lallen tsaye, duwatsu na nan, ƙasa a buɗe, fuskarsa ta sauya.

Bai ɗaga murya ba, mutum ne mai ladabi, kuma uwarsa na kusa. Ya kira Iro ya ce ya ɗauko diga ya fara. Iro ya ɗauko, ya dube ni. Na ce ya dakata.

"Fomen, hwaɗa mani dalili guda," in ji Alhaji. "Guda ɗai. In na gamsu, in bari."

Na ce dalilin na nan, amma ba nawa ba ne da zan bayar. Na san yadda maganar ta faɗa a kunnensa: ma'aikaci ya ja aiki, an kama shi, ya koma kame-kame. Ya ce to shi ke nan, gidan ubansa ne, ba sai ya roƙi kowa ba. Ya tuɓe babbar riga ya rataya a sabuwar rumfa, ya naɗe hannun 'yar ciki, ya karɓi digar daga hannun Iro. Birkiloli suka ajiye guduma. Ban san lokacin da ƙafafuna suka kai ni ba, sai na gan ni tsaye gaban duwatsun, bayana na gogar lallen. Ya ce in kauce. Na ce Alhaji ka yi haƙuri. Ya sake cewa in kauce, wannan karon idonsa ya kaɗa. Na ga ba abin da ya rage, na buɗe baki zan karya alkawarin da na yi wa Baffa.

"Kabiru."

Muryar ba ta da ƙarfi, amma duk gidan ya ji ta. Alhaji ya tsaya da diga a hannu, ya juya a hankali kamar bai gane wa ake kira ba. Daga baya ya gaya mini tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakinta ba sai ranar. Inna ta miƙe dafe da ƙyaure, ba shi take kallo ba, lallen take kallo.

"Aje diga. Yayakka na nan kwance."

Ba wanda ya motsa, sai Iro da ya durƙusa inda yake yana salati a hankali. Alhaji ya sauke digar har bakinta ya taɓa tubali, ya dubi 'yan duwatsun da ɗan wurin da suka kewaye. Da ƙyar ya tambayi sunan yayar tasa. Inna ta ce ba ta kai suna ba. Sai na ga wani abu ya faɗo masa, domin sai da ya ja baya ya kalli ƙasar da ke dab da duwatsun, inda muka tsaya da tubali.

"Inna, shi as sa kika shimhiɗa mani nan?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta shige ɗaki ta saki labule. Na yi wa mutanena alama muka fita zaure, muka bar shi tsugune a wurin.

Muka zauna a zaure muna jira. Ni dai, karo na farko tun da muka fara aikin na zauna ban ji ina son tashi ba. Can sai ga Alhaji ya fito, digar na hannunsa har yanzu, da alama ya wanke fuska. Ya tambaye ni ta ina bututun zai bi. Na nuna masa layin, daga ƙofar ciki zuwa ta waje. Ya ce a ɗage buzun Baffa. Ya tsaya ya kalli daɓen mahaifinsa, ya yi bisimilla, ya ɗaga digar ya kai saran farko da kansa. Sannan ya miƙa wa Iro, ya fita ya tsaya jikin motarsa ya ba mu baya.

Sauran aikin bai ba mu wuya ba. Muka binne bututu, muka mayar da daɓen, na sa aka tsince tsakuwar tsohon aka sake jera ta a saman gyaran don tabon ya ragu. Kusurwar kuwa muka yi mata ɗan kewaye da bulo, muka shafe shi sumul ba kafar da kunama za ta laɓe, muka dasa duwatsun Inna a samansa cikin siminti yadda ta jera su. Ƙasar ciki ba mu taɓa ta ba. Da Baffa ya dawo ya ji abin da ya faru, sai da ya gama alwala, sannan ya ce mini na cika alkawari. Ban gaya masa cewa ƙiris ya rage ba. Ranar da muka wanke kayan aiki muka bar gidan, ranar aka ga wata.

Tun daga aikin nan na ƙara abu ɗaya a tsarina, kuma ina so ku ɗauka. Kafin a cika tiyo da ruwa, ina neman wanda ya fi kowa daɗewa a gidan, yawanci tsohuwa ce, in durƙusa in tambaye ta ko akwai inda ba a taɓawa. In ta nuna wuri ba na tambayar dalili, sai in koma wa Injiniya mu nemi wata hanya tun mai gida bai ga zane ba. Mutanenmu suna iya ɗaukar abu a ƙirji shekara da shekaru ba su furta ba, mu masu gaggawa mu ce taurin kai ne, alhali kunya ce, wadda da ita aka rene mu duka. Wanda ya ba ka aiki ya san abin da yake so a yi masa, amma ba lallai ya san duk wanda ke cikin gidan ba.

Bayan salla na koma Bakura duba ko tubali ya zauna, kamar yadda muke yi wa kowane aiki. Zafi ya kai inda ya kai. Inna na ƙarƙashin sabuwar rumfa tana fifita, ta ce mini sannu da rana, ta koma cewa mutumin Gusau kamar ba abin da ya faru. A zaure Baffa ya ba ni labarin azumin. Ya ce jikoki sun cika gida, kowa ya shimfiɗa inda iska ta fi kaɗawa, har an kawo wa Alhaji katifa da fanka mai aiki da hasken rana aka ajiye masa tsakiyar fili. Bai kwana a kai ko sau ɗaya ba. Mutum da furfura a gemu, in ji Baffa, kullum sai ya ɗauki tabarma ya kai ta gindin lallen, cikin sauro, har ranar da ya koma Gusau.